Sharhin da ake ɗorawa a kan fim: wanne mai koyon aiki zai fara nema?

Tambaya daga wani matashi a wani ƙauye kusa da Ringim, Jihar Jigawa: Assalamu alaikum Malam. Muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo a garinmu, mu tara ne, da waya muke ɗaukar gajerun finafinai muna sakawa a YouTube. Na ji an ce akwai finafinan Turawa da darakta ke magana a kansu tun daga farko har ƙarshe, yana bayanin yadda ya yi aikin. Gaskiya ne? Waɗanne zan nema, na koyo da na nishaɗi, kuma ta yaya mazaunin ƙauye zai same su?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ka ji gaskiya ne. Na daɗe ina aikin tace hoto a Kano, amma ni ma ɗan ƙauye ne, ta wajen Dambatta na tashi, kuma fim ɗin farko da na gani a gidan kallo ne, a kan tabarma, janareta na ƙugi a bayan katanga. Kaso mai yawa na abin da na sani game da inda ake ajiye kamara da inda ake yanka hoto, daga irin wannan sharhi na tsince shi, shi ya sa tambayarka ta yi mini daɗi.

Ka san yadda mai fassarar fim ɗin Indiya ke ɗora muryarsa a kan ta jarumai. Kusan haka abin yake, sai dai a nan an rage sautin fim ɗin, darakta ko mai ɗaukar hoto ko wani masani ya zauna gaban makirfo, fim na tafiya yana faɗin dalilin da ya sa aka yi kaza aka bar kaza. Kamfanin Criterion na Amurka ne ya fara wannan a 1984, lokacin da ya fitar da tsohon fim ɗin King Kong na 1933 a kan wani babban faifai mai faɗin faifan garmaho, da muryar masanin tarihin fim Ronald Haver. Da faifan DVD ya shigo kasuwa a ƙarshen shekarun 1990 sai abin ya zama ruwan dare. Akwai dubbai, kuma da yawansu ɓata lokaci ne: mai magana ya yi ta yabon abokan aikinsa, ko ya riƙa faɗa maka abin da idonka ke gani. Ma'aunina ɗaya ne. Idan na ji mutum yana cewa ga matsalar da ta taso mana ranar nan, ga yadda muka fita, zan zauna in saurare shi har ƙarshe.

Da wannan ma'auni, wanda za ka fara nema shi ne sharhin Robert Rodriguez a kan El Mariachi, fim ɗin 1992. Na sa shi gaba da sauran don halin da ya yi aikin a ciki ya fi kama da naku. Yana ɗan shekara 23 ya ɗauki fim ɗin a wani gari na kan iyakar Meksiko da Amurka, Ciudad Acuña, da kuɗin da bai wuce dala 7,000 da 'yan kai ba. Wani ɓangare na kuɗin ya same shi ne ta hanyar kwanciya a wata cibiyar gwajin magunguna, a can ya rubuta yawancin labarin, a can kuma ya haɗu da mutumin da ya fito a matsayin mugu. Burinsa ma ba sinima ba ce, kasuwar kaset ta masu jin Sifaniyanci ya nufa, kamar yadda namu suka fara da kaset a Kano daga 1990. Sai kamfanin Columbia ya saye fim ɗin, ya kuma ci kyautar 'yan kallo a bikin Sundance na 1993. Ka riƙe wannan dai: kamfanin ya kashe kuɗi ninkin-ba-ninkin na farko wajen gyara hoto da sauti kafin a kai shi sinima. Na faɗa maka ne don kada ka ga naku bai kai shi tsabta ba ka karaya.

Darasin farko a bakinsa shi ne yadda ya rubuta labari. Bai zauna ya ƙirƙiro abin da zai buƙaci jirgin sama ba. Ya lissafa abin da shi da abokinsa za su iya samu kyauta, babur, kare, mashaya biyu, gidan gona, har da kunkurun da suka tsinta, sannan ya gina labarin a kansu. Ku zauna ku tara ku yi irin wannan lissafi. Kuna da amalanken shanu, da rijiya, da rumbu, da zauren mai gari idan kun nemi izini, da ranar kasuwa, da bakin kogi, da tsohon da ya iya magana. Duk wannan dukiya ce da mai shirya fim a birni sai ya biya kuɗin mota kafin ya same ta.

Na biyu shi ne sauti, kuma a nan ne finafinan waya suka fi faɗuwa. Kamararsa tana da ƙara, ba ta ɗaukar magana. Sai ya riƙa ɗaukar hoto shiru, da an gama ya ajiye kamara ya ɗauko rikoda, ya sa jarumi ya maimaita maganar nan take, a wurin, da irin saurin da ya yi ta. A wajen tacewa, duk inda baki da murya suka saɓa, sai ya yanka zuwa wani abu: fuskar mai sauraro, ko hannu, ko karen da ke kwance. Daga larura ya sami salon yanka mai sauri da aka san shi da shi. Kai matsalarka ba ƙarar kamara ba ce, iska ce da injin niƙa da kukan awaki da babur mai wucewa, amma maganin ɗaya ne. Bayan kowace fitowa ka matso da waya kusa da bakin mai magana, ya maimaita. Ka ɗauki minti ɗaya na sautin wurin ba mai cewa uffan, za ka shimfiɗa shi a ƙarƙashi don kada a ji ɗinki. Sannan kada ka bar wuri sai ka ɗauki ƙananan hotuna uku ko huɗu, ƙafa, buta, kaza na tsattsaga, domin su ne za su rufa maka asiri ranar tacewa.

Yana kuma bayanin yadda ya sa kamara ɗaya ta yi kamar uku: jarumi ya faɗi jimla ya dakata, shi ya matso ko ya sauya kusurwa, a ci gaba. Ya ari keken guragu ya zauna a kai ana tura shi, ya sami hoto mai tafiya. A hanyar ƙasa keke zai yi tsalle, amma ka gwada baro da aka ɗan rage wa iskar taya aka shimfiɗa bargo a ciki. A faifan akwai ɗan gajeren darasi da ya sa wa suna Ten Minute Film School, wato makarantar fim ta minti goma, kuma ana samunsa a YouTube. Gargaɗi biyu: mutumin yana da saurin baki ƙwarai, fim ɗin kuma akwai harbe-harbe da jini.

Bayan shi, ka nemi Roger Ebert a kan Citizen Kane. Marigayi Ebert ba darakta ba ne, ɗan jarida ne da ya yi sharhin finafinai a Shikago, kuma ya shafe shekaru yana zama da jama'a suna bin fim hoto bayan hoto, duk wanda ya ga wani abu ya ce a tsaya. Fim ɗin na 1941 ne, baƙi da fari, Orson Welles ya yi shi yana da shekara 25. Zai iya yi maka nauyi a kallon farko. Ka daure. Ebert yana magana a tsanake, Turancinsa a fili, kuma aikinsa shi ne koya wa ido gani. Zai nuna maka cewa ɗakunan suna da rufi, abin da ba a saba gani ba a lokacin saboda a sama ake rataye fitilu, da yadda aka saukar da kamara ƙasa don mutum ya yi kwarjini, da wata taga da kake ɗauka ƙarama ce sai da jarumi ya taka zuwa gindinta ka ga ta fi ƙarfinsa, shi kuma ya koma ɗan mitsitsi daidai lokacin da dukiyarsa ke kuɓuce masa.

Fitowar da nake so ka tsaya a kanta ita ce ta yarinta. Uwa na zaune a gaba tana sa hannu a takardar da za ta raba ta da ɗanta, uba na tsaye a tsakiya yana gunaguni ba mai jin sa, can ta taga kuma ga yaron yana wasa a waje, bai san ana yanke rayuwarsa ba. Dukkansu sun fito tar a hoto ɗaya. Mai ɗaukar hoton, Gregg Toland, sai da ya haɗa fitilu masu ƙarfi da dabarun madubin kamara kafin ya sami haka. Kai kuwa wayarka a haka aka ƙera ta: idonta ƙarami ne mai faɗin gani, don haka na kusa da na nesa duk suna fitowa. Matasa da yawa suna ƙoƙarin dusashe bayan hoto don ya yi kama da na babbar kamara, alhali sun bar alherin da ke hannunsu. Ka sa dattawa biyu a zaure suna shawarar tura yaro gabas karatu, ta ƙofa ana hango shi yana gara taya. Ba ka buƙatar kiɗan tausayi. Abin da za ka kula da shi kawai hasken waje kada ya cinye na ciki, saboda haka da sassafe ko bayan la'asar za ka ɗauka.

Na uku a wurina Francis Ford Coppola ne a kan The Godfather na 1972. Wannan ba darasin kamara ba ne sosai, darasin riƙe aiki ne a lokacin da masu kuɗi ba su yarda da kai ba. Kusan duk tsawon fim ɗin yana tuna yadda ya yi aiki da fargabar kora, da yadda kamfani bai so jarumai Marlon Brando da Al Pacino ba, ya dage. Abin da zai fi yi maka amfani shi ne yadda yake karɓar abin da rana ta kawo. Kyanwar da ke cinyar Brando a fitowar farko ba ta cikin rubutu, gararambarta take yi a wurin aka ɗauko ta. Wani ƙaton ɗan kokawa da aka ba rawa ya rikice a gaban Brando, bakinsa ya riƙa sarƙewa. Maimakon a zubar da hoton, sai aka ƙara wata fitowa inda ake ganinsa zaune shi kaɗai yana bitar gaisuwar da zai yi wa maigida, rikicewar ta koma halin mutumin da ke cikin labari. Kai da ke aiki da 'yan gari waɗanda ba su taɓa tsayawa gaban kamara ba, wannan dabara za ta fisshe ka sau da yawa. Fim ɗin akwai kisa da wata fitowa ta tsiraici, ba na zaure da yara ba ne.

Akwai wanda nake ƙauna don ya shafi ƙauye kai tsaye: Seven Samurai na Akira Kurosawa, fim ɗin Japan na 1954, da sharhin masanin fim Michael Jeck a faifan Criterion. Manoma ne da 'yan fashi suka addaba duk kaka, suka nemo mayaƙa bakwai da ladan abinci kawai. Duk wanda ke zaune a Arewa a yau ba sai an yi masa bayanin tsoron da ke fuskokin manoman nan ba. Ya haura awa uku, ka raba shi kwana biyu. Ka lura da yadda ake zagayawa da mai kallo ya san ƙauyen, ina gada, ina shinge, ina hanyar dawaki, har da taswira da ake soke 'yan fashi ɗaya bayan ɗaya, ta yadda idan faɗa ya kaure ba ka ɓacewa. Ka lura kuma da iska da ƙura da ruwan sama, yadda suke motsa hoto ko da mutane na tsaye. Hazon hunturu da hadarin Agusta na garinku za su yi maka wannan aikin ba ko sisi.

Wasu biyu a taƙaice. A kan The Limey na 1999, darakta Steven Soderbergh da marubuci Lem Dobbs sun zauna suna musu na gaske, marubucin yana ƙorafin fitowar da aka zubar masa, daraktan yana kare yankansa. Ku saurare shi kai da mai rubuta muku labari, za ku gane cewa saɓanin da ke tsakaninku tsohon abu ne a wannan sana'a kuma ana iya yinsa ba a ɓata ba. Dogayen faifan The Lord of the Rings kuwa kowane fim sharhi huɗu gare shi: na darakta Peter Jackson da marubuta, na masu zane da gini, na masu shiryawa da tacewa, da na jarumai. Daga wannan aiki za ka koyi yadda ake zaunar da mutum nesa da kamara, a daidaita shi da na kusa, ya fito kamar wada. Idan kuna da labarin aljani ko dodo, wannan ya fi duk wata kwalliyar manhaja kyau, kuma zurfin ganin wayarka ya dace da shi.

Na nishaɗi, gaskiya sai kunnenka ya saba da Turancin Amurka kafin ka more su, don daɗinsu a raha yake. Darakta John Carpenter da jarumi Kurt Russell a kan Big Trouble in Little China na 1986 hira ce ta tsofaffin abokai, suna ta dariya, har su manta da fim su koma zancen 'ya'yansu. Nasu na The Thing ya fi wannan ilimi, amma fim ne na ban tsoro mai ƙyama. A kan Armageddon na 1998, jarumi Ben Affleck ya ba da labarin yadda ya tambayi darakta me ya sa koya wa masu haƙar mai zuwa sararin samaniya ya fi sauƙi a kan koya wa 'yan sama jannati haƙa, aka ce masa ya rufe baki. Ana dariya, amma tambayar tasa ita ce irin wadda ya kamata wani a ƙungiyarku ya riƙa yi kafin a fara ɗauka. Kada ka wahalar da kanka neman na darakta Steven Spielberg, ba ya yi.

Saura batun samu, kuma a nan wahalar take. Fim ɗin da mai turawa zai sa maka a memori an matse shi ne don ya yi ƙanƙanta, an zubar da duk wani sauti banda guda ɗaya. Faifan nan masu fim ashirin a ciki su ma haka. Abin nema shi ne faifan DVD na asali, ko da na gwanjo ne. Idan ka shiga Kano ka duba wajen masu tsofaffin faifai, ka juya bayan kwalin, za ka ga an rubuta sunan mai sharhi a jerin ƙarin abubuwa. Idan kana da ɗan'uwa a Turai ko Amurka, tsofaffin faifai sun yi arha a can. Ka sani ana kulle faifan DVD yanki-yanki, ba kowace na'ura ke kunna na wani yanki ba: faifan Amurka na yanki na 1 ne, na Turai na 2, Najeriya tana na 5, don haka ka gwada a na'urarka ko a kwamfuta. A manhajar VLC ka shiga wajen sauti ka zaɓi layin sharhin. A nan kuma za ka iya rage gudun fim zuwa 0.75, wanda shi ne maganin saurin bakin Rodriguez.

Akwai hanyar da ta fi sauƙi ga mai ƙarancin data. Darakta Rian Johnson ya saki sharhin Looper na 2012 da Knives Out na 2019 a matsayin sauti zalla, kyauta, don mutum ya sa a kunne yana kallo. Magana ta awa ɗaya da rabi, idan an matse ta daidai, ba ta kai megabait 50 ba. Idan za ka haɗa sauti daban da fim daban, ka sani wani bugun yana tafiya da hoto 25 a daƙiƙa, wani 24, bambancin kusan minti huɗu a fim mai minti 100. In ka ji sharhi yana baya ko yana gaba, ba wayarka ce ta lalace ba, ka riƙa daidaitawa lokaci-lokaci. A YouTube kuma akwai Notes on a Scene na mujallar Vanity Fair da Anatomy of a Scene na jaridar New York Times, inda darakta ke warware fitowa ɗaya cikin 'yan mintuna, da tashar Every Frame a Painting, wadda darasinta kan yadda Jackie Chan ke ɗaukar faɗa mai ban dariya zai amfani masu barkwancinku. Ranar kasuwa, inda sabis ya fi ƙarfi, ka sauke uku ko huɗu ka dawo da su gida.

Yadda za ka saurara ya fi yawan abin da ka tara muhimmanci. Ka fara kallon fim ɗin da sautinsa na asali, sannan ka dawo da sharhi, minti ashirin-ashirin, da littafi a hannu. Duk inda aka ce saboda kaza muka yi kaza, ka tsayar ka rubuta da Hausa. Inda Turanci ya gagara, ka roƙi malamin Turanci na sakandaren garinku ya zauna da ku, shi ya fassara magana, kai ka nuna masa abin da ake nufi a hoto. Kafin ka wuce zuwa wani sharhin, ka fita da mutum biyu ku gwada dabara ɗaya tak daga cikin abin da ka rubuta, ko da ta daƙiƙa talatin ce. Na ga waɗanda suka haddace sunayen daraktocin duniya amma ba su iya ɗaukar mutum biyu suna gaisawa ba, kuma dalili shi ne sauraro ya yi yawa, hannu bai taɓa aiki ba.

Roƙona gare ka na ƙarshe ya shafi namu. Faifan finafinan Hausa ba su zo da wannan al'ada ba, kuma mutane da yawa da suka yi aiki tun zamanin kaset sun rasu da abin da suka sani a cikinsu. Idan kun gama fim ɗinku na gaba, ku zauna kai da mai riƙe waya da marubuci a ɗaki mai shiru bayan isha'i, ku kunna shi da ƙaramin sauti, ku ajiye wata wayar a tsakiya tana ɗauka. Ku faɗi inda iska ta ɓata muku magana, da wanda ya ara muku amalanke, da fitowar da kuka zubar da dalilin zubar da ita. Ku ɗora muryar a kan hoton ku saka shi a tasharku kusa da na asali, ku kuma ajiye kwafi a memori biyu, ɗaya a hannunka ɗaya a hannun wani.